An ba ni jagorancin waƙa a ikilisiyarmu ta Baptist: mene ne ainihin aikin?

Tambaya: Baba, a taron ikilisiya na watan jiya aka zaɓe ni in zama shugaban waƙa a majami'armu ta Baptist. Shekaruna 27, na iya kibod, na kuma daɗe a kwaya. Wani dikin, wato mai taimaka wa fasto a hidimar ikilisiya, ya ce mini wannan hidima ce kamar ta fasto, wani kuma ya ce ai kiɗa ne kawai, kada in ɗauki kaina da girma. Wanne ne gaskiya? Me aikin ya ƙunsa, yaya rayuwar mai yinsa take, kuma dole ne sai na je makaranta?

Amsa: Ɗana, Allah ya taya ka riƙo. Na daɗe a gaban kwaya, tun lokacin da ba mu da komai sai littafin waƙoƙi, ganga ɗaya da tulun Zumuntar Mata, har muka shigo zamanin kibod da lasifika. Dikin na farko shi ya fi kusa da gaskiya. Na biyun ma kada ka riƙe shi a zuciya, akwai abin da ya gani ya sa ya faɗi haka, zan kuma dawo kansa.

Abin da nake so ka fara riƙewa shi ne, kwayarka ta gaskiya ita ce dukan jama'ar da ke zaune a kan benci. Mutum ashirin ko talatin ɗin nan masu riga iri ɗaya mataimakanka ne. Aikinka ya yi kyau ran da tsohuwar da ke zaune kusa da ƙofa, wadda ba ta iya karatu ba, ta buɗe baki ta yi waƙa da dukan zuciyarta, ta kuma san abin da take faɗa.

Ni ban gane wannan da wuri ba, sai wata Lahadi da aka ɗauke wuta muna tsakiyar waƙar buɗe sujada, janareta kuma ya ƙi tashi. Kibod ya yi shiru, lasifika ta yi shiru. A cikin sakan ɗin nan na ji abin da ƙarar kayan kiɗa ta daɗe tana ɓoye mini: majami'a cike take maƙil, amma muryoyin kwaya kaɗai ke tashi. Na waiwaya na ga maza sun harɗe hannu a ƙirji, mata suna motsa leɓe ba sauti, yara suna kallon rufi. Waƙar sabuwa ce, mun sha wahalar koyonta mako uku, na kuma ɗora ta a maɓallin da ya dace da yarinyar da ke jan baiti, wanda ya yi wa kowa tsayi. Sai wata dattijuwa daga layin Zumuntar Mata ta ɗauko wata tsohuwar waƙa daga littafi, a ƙasa-ƙasa, ba ta jira izinin kowa ba. Kafin a kai amshi ginin ya ɗauka gaba ɗaya, har dattawan da nake zaton ba su da murya. Tun daga ranar na sake yadda nake auna aikina.

Wannan ba ra'ayina kaɗai ba ne, a tushen Baptist yake. Za ka yi mamaki in na ce maka Baptist na farko a Ingila da yawansu ba sa yarda jama'a su rera waƙa tare a sujada. Hujjojinsu uku ne: kalmomin da mutum ya tsara ba za su zama addu'ar wani ba, masu bi da marasa bi ba za su haɗa murya ba, mata kuma bai kamata a ji muryarsu a majami'a ba. Wani fasto a Landan, Benjamin Keach, shi ya buɗe ƙofar. Wajen shekarar 1673 ya fara da waƙa ɗaya tak a ƙarshen Jibin Ubangiji, yana kafa hujja da Matiyu 26:30, inda Yesu da almajiransa suka yi waƙa kafin su fita zuwa Dutsen Zaitun. Sai a 1691, kusan shekara ashirin bayan haka, ikilisiyarsa ta yarda a yi waƙa kowace Lahadi, ita ma a ƙarshen sujada, domin wanda bai yarda ba ya samu damar fita. Duk da wannan lallashi wasu suka ɓalle suka kafa tasu ikilisiyar. Ita wannan ikilisiya ta Keach ce daga baya John Rippon ya yi wa fasto, wanda ya fitar da tarin waƙoƙi a 1787 da Baptist suka daɗe suna amfani da shi, bayansa kuma Charles Spurgeon, wanda dubban mutane ke rera waƙa a majami'arsa ba tare da kayan kiɗa ba, mutum ɗaya ne kawai ke tsayawa ya ja murya. Ka ga abin da kakanninmu a bangaskiya suka yi gardama a kai har aka rabu: jama'a su yi waƙa. Ka kuma ga haƙurin Keach. In ka zo da sabon abu ka ga dattawa sun ja baya, tuna da shekara ashirin ɗinsa.

Shi kuwa matsayin shugaban waƙa a matsayin ma'aikacin ikilisiya mai horo, a Amurka ya yi ƙarfi, a wurin Baptist na kudancin ƙasar. A 1915 makarantar tauhidinsu da ke Fort Worth a jihar Texas ta buɗe sashen koyar da waƙar bishara a hannun I. E. Reynolds. A 1941 suka kafa sashen waƙar ikilisiya na ɗarikar baki ɗaya, B. B. McKinney ya shugabance shi, shi ne kuma ya tsara littafin waƙoƙinsu na 1940. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ikilisiyoyi da yawa suka fara ɗaukar mutum aikinsa ke nan, yana kula da kwayoyi hawa-hawa, daga ta ƙananan yara har ta manya. Baptist ɗin nan na kudancin Amurka ne suka aiko Thomas Jefferson Bowen ƙasar Yarbawa a 1850, daga aikin nan makarantar tauhidi ta Ogbomosho ta fito a 1898, sai ƙungiyar da aka kafa a Ibadan a 1914 wadda ta zama Nigerian Baptist Convention. Mu nan Arewa, Baptist ta iso mana galibi ta hannun 'yan kasuwa da ma'aikatan jirgin ƙasa Yarbawa da suka zauna a Kaduna, Zariya, Kano da Jos, daga baya aka samu ikilisiyoyi masu sujada da Hausa. Don haka gadon da ka karɓa mai rassa ne: waƙoƙin Turawa da aka juya, salon 'yan'uwanmu na Kudu, da abin da iyayenmu mata suka tsiro da shi a nan gida.

Amma tun kafin Landan da Texas, aikin yana cikin Littafi Mai Tsarki. A 1 Tarihi 15:22 an ɗora Kenaniya a kan waƙa, an kuma faɗi dalili: domin ya gwanance. A sura 25 an lissafta mawaƙa horarru 288 a ƙarƙashin Asaf, Heman da Yedutun. Bulus kuma a Kolosiyawa 3:16 ya haɗa waƙa da koyarwa da gargaɗi. Wannan ayar ita ce amsar dikin na biyu. Mutum zai manta wa'azin Lahadin da ta wuce kafin Laraba, amma waƙar da ya koya yana ɗan shekara goma tana bakinsa a gona, a kasuwa, a gadon asibiti. Kai ne kake zaɓar kalmomin da mutane za su riƙa faɗa wa Allah, da waɗanda za su riƙa faɗa game da Allah, shekara da shekaru. In waƙa ta koyar da kuskure, kuskuren ya fi na wa'azi daɗewa.

To, yaya makon mai wannan aiki yake? Nawa yakan fara ranar Litinin ko Talata da zuwa wurin fasto in tambayi nassin da zai yi wa'azi a kai. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke zaɓar waƙa da safiyar Lahadi a bakin ƙofa, abin da ya saba da shi kawai zai maimaita. In na samu nassin sai in zauna da littafi in karanta baitocin da baki, ba tare da rerawa ba, domin daɗin karin waƙa yakan rufe wa mutum ido ya kasa ganin cewa kalmomin ba su ce komai ba. Waƙar buɗewa ta ɗaga ido zuwa ga Allah. Wadda ke gaban wa'azi ta shirya kunne. Wadda ta fi bukatar tunani ita ce ta gayyata, wadda muke yi bayan wa'azi lokacin da fasto ke kiran mai son karɓar Almasihu ya fito. A nan kada ka taɓa sa sabuwar waƙa. Sa wadda kowa ya haddace, a hankali, idonka a kan fasto, ka san lokacin maimaita baiti da lokacin yin shiru. Haka ranar baftisma. Tun da mu nitsarwa muke yi, ko a rafi ko a kwarmin majami'a, akwai ɗan lokaci tsakanin fitowar wani daga ruwa da shigar na bayansa. Gajeren amshi ake so a nan, ya tashi daidai lokacin da kan mutum ya ɓullo daga ruwa, ya sauka kafin fasto ya ɗaga hannu a kan na gaba, domin a ji kalmomin baftisma sarai.

Ka riƙe littafin rubutu ka dinga shigar da waƙoƙin kowace Lahadi. Bayan wata shida ka duba. Yawancinmu za mu tarar muna juya waƙa goma sha biyar ne kawai, kusan dukansu na murna da nasara. Amma ikilisiyoyinmu na Arewa sun binne mutane da yawa, wasu ba ta hanyar ciwo ba. Matar da aka kashe mata miji, ko uban da ɗansa ke hannun masu garkuwa, in ya shigo sujada ya tarar rawa ce daga farko har ƙarshe, zai koma gida da nauyinsa yadda ya zo da shi. Zabura 150 ne, da yawansu kuka ne. Karanta ta 13, ta 42, da ta 88 wadda ta ƙare cikin duhu ba tare da an share hawaye ba. Allah ya sa su a littafin waƙarsa. Ka koya wa jama'arka waƙoƙin makoki tun ana zaman lafiya, domin ranar jana'iza ba ranar koyon waƙa ba ce.

Sai maganar harshe, wadda nake ganin an fi sakaci da ita. Hausa tana da hawa da saukar murya, tana da dogon wasali da gajere, ma'ana kuma a kansu take rataye. Ka ce “Allah ya ji kukanmu”. In ka ja “ya” ɗin da murya a sama, ka ce ya riga ya ji. In ka gajarta shi ka sauke murya, roƙo kake yi ya ji. A rubuce ɗaya ne, a kunne shaida ce da addu'a. Haka “Yesu ya zo”: ko dai labarin Kirsimeti ne, ko kuwa kukan mai jiran dawowarsa. Waƙoƙin da aka juyo daga Turanci an ɗora su ne a kan karin da ba a yi shi domin Hausa ba, sai doguwar murya ta faɗa kan gajeren wasali, gari na zama ya koma garin tuwo. Ba cewa nake a yar da su ba, sun yi renon bangaskiyarmu, ina kuma ƙaunarsu. Amma kafin kwaya ta rera baiti, sa su karanta shi da baki kamar magana, sau biyu ko uku, su ji inda ma'ana take, sa'an nan a rera. Wani lokaci ɗan jinkiri ko wurin jan numfashi kawai za ka gyara, magana ta fito. Ka tuna kuma da yawa daga cikin membobinmu Hausa harshe na biyu ne a wurinsu, akwai Bajju, Atyap, Gbagyi, Adara, Ham da sauransu. In akwai tsohuwar kalma a baiti da ba a amfani da ita yanzu, ɗauki minti ɗaya ka bayyana ta. Ka kuma ba waƙoƙin harsunansu wuri a sujada.

A wannan fanni malamanka na farko su ne iyayenmu na Zumuntar Mata. Su ba sa fama da wannan matsala, domin daga magana waƙarsu ke fitowa. Mai ja ta ba da labarin Yusufu ko na Rut baiti-baiti, sauran su amsa, tulu da ganga da caki suna riƙe da tafiya, jama'a kuma su kama amshin tun a karo na biyu. Samari masu kibod sukan raina wannan, kuskure ne babba. Je ka wurin koyon waƙarsu, ka gaishe su da ladabi, ka zauna a gefe ka saurara. Kada ka ce za ka gyara musu. In sun yarda da kai, rabin ikilisiya ya yarda da kai.

Game da kibod ɗinka, abu biyu. Muryar yawancin mutane tana jin daɗi ne daga C na tsakiya zuwa D na sama a kan kibod, in waƙa ta daɗe a sama da haka maza za su yi shiru. Sauke ta, ko da mai jan baiti ba ta so. Na biyu, in mutum ba ya jin muryarsa da ta na kusa da shi saboda ƙarar lasifika, zai daina waƙa ya koma kallo. Wani lokaci ka ɗaga hannu daga kibod a baiti na ƙarshe ka bar muryoyi kaɗai.

Yanzu ga abin da dikin na biyu ya gani. A ƙasar Hausa kiɗa sana'a ce mai gado, an kuma san maroƙi da wasa mai kuɗi domin a yi masa kyauta. Wannan inuwa tana bin duk wanda ya riƙe makirufo, mu ma wani lokaci mukan ba ta gaskiya. Na sha ganin ranar godiya ta kaka ko ɗaurin aure, mai waƙa ya bar yabon Allah ya koma kiran sunayen manya, ana fitowa ana yi masa liƙi a goshi a gaban bagadi. Yakubu sura 2 ta yi magana a kan fifita mai zoben zinariya a cikin taro. Ran da ka yarda aka yi wannan a ƙarƙashinka, ka tabbatar wa dikin nan maganarsa. In ka ƙi, ka tsaya a kan ƙin cikin ladabi, shi da kansa zai sake ra'ayi ba tare da kun yi musu ba.

Rayuwar kuwa, ba zan ɓoye maka ba, akwai gajiya. A manyan ikilisiyoyin birni akan ɗauki mutum cikakken lokaci, wasu har a naɗa su. Amma a yawancin majami'unmu masu Hausa, shugaban waƙa malamin makaranta ne, ko tela, ko manomi, da yamma yake zuwa koyon waƙa da ƙurar aiki a ƙafarsa. Asabar ɗinka ta masu aure ce, Disamba kuma iyalinka sai su gan ka da dare. Kuɗin mota zuwa taron kwayoyi sau da yawa daga aljihunka zai fito. Ga ikilisiya ina cewa ta karanta Nehemiya 13:10, inda aka hana Lawiyawa da mawaƙa rabonsu har kowa ya gudu gonarsa, ɗakin Allah ya zama ba mai kula. A sa waƙa a kasafin kuɗi, a sayi littattafai, a gyara fatar ganga, a biya wa yara kuɗin koyo. Ga kai kuma ina cewa kada ka zama irin masu kiɗan da ke yawo daga wannan coci zuwa wancan suna bin wanda ya fi biya. Makiyayi ba ya sauya garke kowane wata.

Eh, makiyayi na ce, domin kwaya ƙaramar ikilisiya ce. Kai za ka fara sanin wanda ya rasa aiki, da wadda aurenta ke tangal-tangal, da yaron da ya fara bin abokan banza, tun kafin labari ya kai kunnen fasto. Wanda bai zo koyon waƙa sau biyu ba, je ka gidansa kafin ka yi maganar horo. Za ka haɗu da mai ƙaunar waƙa wanda muryarsa ba ta bin layi. Kada ka kunyata shi a gaban mutane, zaunar da shi tsakanin masu ƙarfi biyu, yawancinsu kunne ne bai buɗe ba, yakan kuma buɗe. Za ka haɗu da mai zaƙin murya da ke ganin ba a iya yi sai da ita. Raba jan baiti tsakanin mutane da yawa tun daga farko. Ka kuma tsare kanka: kada ka koya wa mace waƙa ku biyu kaɗai, a tashi koyon waƙa da sauran haske domin 'yan mata su isa gida lafiya, kuɗin kwaya kuma ya zauna a hannun ma'aji, ba naka ba. Mutane masu baiwa da yawa sun faɗi a waɗannan wurare, ikilisiya kuma ta daɗe tana jinyar raunin.

Da fasto kuwa, ko da ka fi shi sanin waƙa, shi ke da nauyin sujada. In ya ce a yanke baiti saboda lokaci, yanke, ku yi magana ranar Litinin. A tsarinmu na Baptist taron ikilisiya ne ya zaɓe ka, gare shi kuma za ka ba da lissafi, don haka duk babban canji, ko sayen kaya ko sake tsarin sujada, bi da shi ta hannun fasto da dikinoni.

Makaranta ba dole ba ce kafin ka fara, amma koyo dole ne. In ba ka iya do-re-mi sosai ba, wato solfa da mishan suka kawo mana daga Ingila, fara da ita, domin da alli da allo za ka koya wa sofrano, alto, teno da bes layinsu ko babu wuta. Daga nan ka koyi karanta waƙa a kan layuka biyar, da yadda ake kaɗa hannu a riƙe lokaci. In kiran ya yi ƙarfi a zuciyarka, makarantar tauhidi ta Ogbomosho tana da tsangayar waƙar ikilisiya, a nan kusa kuma akwai makarantar tauhidi ta Baptist a Kaduna inda za ka ƙarfafa sanin Littafi. Na fi son shugaban waƙa mai matsakaicin hannu a kibod wanda ya san Littafi, a kan gwani wanda bai san abin da yake sa mutane su faɗa ba.

Ga abin da za ka yi a watan nan. Nemi yaro ko yarinya 'yan shekara goma sha biyu ka zaunar kusa da kai a kibod duk ranar koyon waƙa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ziyarci wanda ka gada a aikin, ko da rabuwarsa da kwaya ba ta yi daɗi ba, ka roƙe shi ya faɗa maka waƙoƙin da ikilisiyar nan ke yi a jana'iza da waɗanda take yi a baftisma. Sa'an nan wata Lahadi ka ba mataimakinka ragama, ka je ka zauna a bencin ƙarshe kusa da ƙofa, ka saurara daga buɗewa har rufewa. Rubuta waƙar da mutane suka kama da wadda suka saki, da inda maza suka yi shiru. Aiko mini da abin da ka ji tare da jerin waƙoƙinku na wata uku da suka wuce, sai mu duba su tare. Ka gaishe mini da fasto da iyayenmu na Zumunta.